GIGINYA A GARKAR GIDA: YADDA AKE SHUKA TA DA YADDA AKE RENONTA

Ƴan uwa manoma, maza da mata, yau maganarmu a kan giginya take.

Kowa ya san azara. Kowa ya san muruci, har yaro ƙarami ya san kuɗinsa a kasuwa. Amma a garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, in ka ce wa yaro ya nuna maka uwar da ta haifi muruci, sai ya tsaya yana kallonka, don bai taɓa ganinta ba. Azarar da ke ɗakin kakansa daga nesa ta zo, murucin da yake ci shi ma a mota aka kawo shi.

Giginya kuwa ba baƙuwa ba ce. Itacen ƙasarmu ce tun kaka da kakanni, kamar goruba da gawo da tsamiya. Tana iya komawa inda ta ɓace, in dai akwai ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ba shi da tsada: ba a sayen iri a kanti, ba a sayen takin zamani, ba a neman inji. Abin da yake so shi ne sanin halinta, da shinge, da haƙuri.

INA GIGINYA TA TAFI?

Babban dajin giginya na ƙasar Nijar yana gundumar Gaya, cikin jihar Doso, a kwarin Dallol Mauri da bakin kogin Kwara. Faɗinsa ya kai wajen hekta dubu 30. Garuruwa irin su Bana da Bengu da Yelu cikinsa suke zaune, mutanensu suna noman gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin giginyu. A shekarar 2004 aka sa Dallol Mauri cikin jerin fadamu masu daraja na duniya waɗanda ake kiyayewa. A sauran wurare, giginya ta koma ɗaya nan, biyu can.

Abubuwa huɗu suka rage ta.

Na farko, gatari. Birane sun yi ta girma, kowane sabon ɗaki yana neman azara, sai aka bi dogaye masu ƙwari aka sare.

Na biyu, fari. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun sa ruwan ƙasa ya yi nisa a wurare da yawa. Dabbobin da suka rasa ciyawa suka koma wa ganyen ƙananan giginyu.

Na uku, noma da wuta. Ɗan giginya yana fitowa kamar haki. Mai noma ya sare shi bai sani ba, mai ƙone sassabe ya ƙone shi.

Na huɗu, muruci da kansa. Muruci ɗan giginya ne da aka tono tun bai ga rana ba. In aka tsince ƴaƴan duka aka yi muruci da su, babu wanda zai gaji uwar. Shi ya sa za ka ga tsofaffin giginyu tsaye, babu matasa a gindinsu. Garin da babu yara, ko tsofaffinsa sun kai dubu, kufai yake jira.

Mutanen Gaya sun ga wannan haɗari. Cikin shekarun 1990 aka sa mazauna ƙauyuka cikin aikin tsaron dajin, kowane gari da kwamitinsa, suna shuka ƙwallo a gonaki, suna kiyaye ƙanana, suna kuma samun rabonsu daga kuɗin azara. Darasin da aka samu a can shi ne: itacen da yake da mai shi, shi ke rayuwa. Garkar gida kuwa ta fi ko'ina mai ita.

MU SAN HALINTA

Kafin ka ɗauki hauya, riƙe abubuwa huɗu game da giginya.

1. Daga ƙwallo kaɗai take fitowa. Dabino yana fitar da ƴaƴa a gindinsa, a cire a dasa. Giginya ba ta yin haka.

2. Akwai namiji, akwai mace, kamar dabino da goruba. Mace ce ke yin ƴaƴa, amma sai da namiji a kusa.

3. Zuciyarta ɗaya ce tak, can tsakiyar kai inda sabon ganye ke fitowa. Goruba tana yin rassa, in an sare ta kuma kaba ta tsiro a gindi. Giginya ba ta da reshe. In zuciyar ta mutu, itacen ya mutu ke nan.

4. Girmanta hawa uku ne. Shekaru 6 zuwa 8 na farko ba ta da gangar jiki a sama, ganye kawai take yi a ƙasa, tana kafa saiwa. Daga nan har wajen shekara 20 sai ta miƙe, tana ƙara tsawo kowace shekara, tsofaffin hannuwan ganye suna manne a jikinta. Daga wajen shekara 20 take fara fure, hannuwan su zube, jikinta ya yi sumul. Daga baya ne kumburin nan mai kama da tulu yake fitowa can sama. Tsawonta yana kai mita 20 ko fiye, tana kuma iya wuce shekara 100 a raye. Inda ƙasa ke da kyau da ruwa, tana iya yin sauri kaɗan. Inda akwai wahala, sai ta ƙara jinkiri.

WACE ƘASA TAKE SO?

Giginya ƴar fadama ce. Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su samun haka. Saboda haka a wajenmu ba ruwan sama ne abin dubawa ba, ruwan ƙasa ne.

Ga alamun wuri mai kyau:

- Rijiyar wurin ba ta da zurfi, kuma ba ta ƙafewa da rani.
- Goruba ko dabino ko mangwaro suna rayuwa a wurin ba tare da ban-ruwa ba.
- Ƙasar yashi ce mai ɗan laka, mai zurfi, wadda hauya ke shiga ba wuya.

Irin wannan ƙasa ana samunta a bakin Gulbin Maraɗi, da wasu wurare na Gulbin Kaba, da koramun Matamaye da Magariya, da kwaruruka inda ake noman rani.

Ga wuraren da za a guje wa: fako, da tudu mai tsakuwa, da inda marmara ke kusa da sama, da tsakiyar tabki inda ruwa ke kwanciya wata da watanni. Babbar giginya tana jure ambaliya ta ɗan lokaci, amma ƙwallon da ya daɗe cikin ruwa ruɓewa yake yi.

WANE GEFE NA GIDA?

Hausawa sun ce: inuwar giginya, na nesa ka sha. Wannan karin magana gargaɗi ne ga mai shuka. Kada ka shuka giginya don inuwar tsakar gida. Wannan aikin bedi ne ko mangwaro.

Ɗan giginya guda yana kai kilo ɗaya, wani ya fi. Ka tuna daga ina yake faɗowa. In ya sami kan yaro ko bayan akuya ko rufin kwano, ɓarna ce. Busasshen ganye ma in ya faɗo yana da nauyi, hannunsa kuma yana da kaifi a gefe. Don haka:

- Ka bar aƙalla mita 10, wato wajen taki 12 na babban mutum, tsakaninta da ɗakin kwana, da rumbu, da turken dabbobi, da bakin rijiya, da hanyar da mutane ke bi.
- Kada ka shuka ƙarƙashin wayar lantarki.
- Kada ka shuka a kan iyaka daidai. Ka ja cikin naka kaɗan, ka kuma gaya wa maƙwabcinka, don kada jikokinku su je gaban alƙali a kan ƴaƴan da suka faɗa gefensa.
- Tsakanin giginya da giginya a bar mita 8 zuwa 10.

Ka tuna kuma, a shekarunta na zama ƙasa, ganyenta yana cin fili wajen mita 3 ta kowane gefe in an auna daga baki zuwa baki. Kusurwar garka ko gefen shinge ya fi. Wanda gidansa ƙarami ne a cikin gari, ya kai ta garkarsa ta fadama ko gonar bayan gida.

Abin daɗin shi ne, in ta miƙe ba ta hana noma. Kanta ƙarami ne kuma yana can sama, inuwar tana yawo, ba ta kwanciya wuri ɗaya. Albasa da tumatir da rogo da gero duk suna yi a ƙarƙashinta.

ZAƁEN IRI

Ka nemi ɗan da ya nuna sarai ya faɗo da kansa. Alamarsa: launin ruwan goro ko ja-ja, da ƙanshi mai ƙarfi, da taushi in ka danna. Wanda aka kaɗo ɗanye ba ya yin iri.

In da hali, ka ga uwar da idonka. Ka zaɓi miƙaƙƙiya, mai lafiya, mai manyan ƴaƴa masu zaƙi. Ka ɗebo daga uwa biyu ko uku, ba daga guda ba. In a kasuwa za ka saya, ka sayi ɗan da namansa, kada ka sayi busasshen ƙwallon da ba ka san kwanansa ba.

A cikin ɗa guda galibi ƙwallo 3 ne, wani lokaci 2 ko 1. A ba yara su shanye naman, ba a yi asarar kome ba. Sai a raba ƙwallayen, a duba su. A yar da mai huda, da wanda ya tsage, da wanda ya cika sauƙi a hannu.

Ƙwallon giginya ba kamar irin gero ba ne da ake ajiyewa shekara a rumbu. In ya bushe ƙarau, ransa ya tafi. Kada a shanya shi a rana, kada a bar shi kan rufi. In ba yau za a shuka ba, a sa shi a inuwa, a rufe da yashi mai ɗan danshi, a kuma shuka shi cikin ƴan makonni.

YADDA AKE SHUKA

Lokacin da ya fi shi ne farkon damana, bayan an yi ruwan shuka ƙasa ta jiƙa sosai. Mai rijiya a garka yana iya shukawa duk lokacin da ya sami iri, muddin zai yi ban-ruwa.

1. Gina rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, wato santimita 50 zuwa 60, faɗinsa ma haka. Ka fitar da duwatsu, ka fasa ƙasan ramin da dagi.

2. Gauraya ƙasar da ka fitar da ruɓaɓɓen taki kwando guda. Kada ka sa ɗanyen taki: yana ƙona tsiro, yana kiran gara.

3. Mayar da ƙasar cikin ramin har ya kusa cika. Ba don a binne ƙwallo can ƙasa aka gina ramin ba, an gina shi ne don ƙasar ta yi laushi.

4. Kwantar da ƙwallon a kan gefensa mai faɗi, ka rufe shi da ƙasa kaurin yatsu huɗu zuwa tafin hannu, wato santimita 5 zuwa 10.

5. Sa ƙwallo 2 ko 3 a kowane gurbi, da tazarar taƙi guda a tsakaninsu, don ba duka ke fitowa ba.

6. Ka zuba ruwa bokiti guda, ka shimfiɗa ƙaya a kai, ka kafa turke don ka gane wurin.

ABIN DA KE FARUWA A ƘARƘASHIN ƘASA

Nan ne mutane da yawa suke karaya. Sun shuka, wata biyu, wata uku, ba su ga kome ba, sai su ce iri ya mutu, su tone ko su nome wurin.

Giginya ba ta fara fitowa sama. Ƙasa take fara nufa. Bayan kamar wata guda ko fiye, ƙwallon yana fitar da wani farin abu kamar igiya, ya nutsa cikin ƙasa kamu ɗaya ko fiye. Ɗan itacen yana can a bakin wannan igiya. In ya kai inda yake so, sai ya tsaya, ya tsotso abincin da ke cikin ƙwallon ya tara a jikinsa, ya yi kauri. Wannan shi ne muruci. Daga nan ne saiwa take yin ƙasa, ganyen fari kuma ya huda ya yo sama. Kafin ka gan shi sai an yi watanni, wani ma sai damana ta zagayo. Ba banza ba ake cewa murucin kan dutse bai fito ba sai da ya shirya.

Wannan hali nata ya koya mana abu uku:

- Ba a renon giginya a ƴar leda kamar bedi ko mangwaro. Igiyar za ta buge ƙasan ledar ta lanƙwashe.
- Ba a tono ƙaramar giginya daga daji a dasa a gida. Zuciyarta tana can zurfi, da wuya a fitar da ita ba a ji mata ciwo ba. Inda za ta tsufa, nan ake shuka ta.
- Zurfin nan shi ne garkuwarta. Ko akuya ta cinye ganyen sau ɗaya, ko wuta ta lashe shi, takan sake fitowa. Amma in abin ya yi ta maimaituwa, ƙarfinta yana ƙarewa.

Ganyen fari ba ya kama da mafici. Siriri ne, dogo, mai ƙarfi, kamar takobi. Sai bayan ƴan shekaru take fara buɗe ganye mai yatsu. A nuna wa yara da ƴan ƙwadago wannan ganye, kada su sare shi wajen noma.

RENO

Shinge shi ne rabin aiki. Akuya da tunkiya da saniya da jaki duk suna cin ganyen, musamman da rani lokacin da babu wani kore. A kewaye gurbin da ƙaya, ko kara mai ƙarfi, ko tubali da aka jera da ƴan kafofi don iska. A gyara shingen kowace kaka, kafin a saki dabbobi. Sai ganyen ya fi ƙarfin bakin saniya za a huta.

Ruwa: a rani na farko da na biyu, bokiti ɗaya ko biyu a mako ya isa. A zuba da yawa lokaci guda don ya nutsa, ya fi a yayyafa kullum. In tana kusa da fangalin kayan lambu, ruwan da ake ba su ya wadace ta. In saiwa ta kama ruwan ƙasa, ba ta ƙara neman taimakonka.

Ciyawa: a nome kewayenta, a kwashe busasshen haki da kara kafin iskar hunturu ta taso, saboda gobara.

Masu tono: kurege da ɓera suna tono ƙwallo, yara kuma suna tono muruci. Ƙaya tana maganin na farko. Na biyu kuwa magana ce: a gaya wa yaro cewa wannan tasa ce, a kira ta da sunansa. Abin da yaro ya san nasa ne, shi zai tsare shi.

Ƙwaro: akwai wani babban ƙwaro baƙi mai ƙaho guda a ka, wanda ke huda zuciyar dabino da giginya. In sabon ganye ya buɗe ka gan shi a yanke kamar da almakashi, aikinsa ne. Tsutsarsa, mai kama da gwazarma, a cikin juji da ruɓaɓɓen kututture take girma. Kada a tara juji a gindin itacen. In an juya taki an ga tsutsotsin, a watsa wa kaji.

Ragewa: in ƙwallo biyu ko uku sun fito a gurbi ɗaya, a bar su shekara biyu, sannan a zaɓi mafi ƙarfi a cire sauran.

Yankan ganye: a shekarun zama ƙasa kada a yanki ɗanyen ganye ko ɗaya, don da shi take tara ƙarfin miƙewa. In ta girma, a riƙa ɗiban na ƙasa waɗanda suka fara sunkuyawa, a bar mata fiye da rabi. Masu saƙa sun fi son sabon ganyen tsakiya da bai buɗe ba, amma yawan yankansa yana tsugunar da itace, wuƙa kuma in ta zarce ta taɓa zuciya, an gama.

NAMIJI KO MACE?

Ba a gane namiji ko mace daga ƙwallo, ba a kuma gane su daga ganye. Sai ranar da ta yi fure. Furen namiji dogaye ne masu rassa, suna reto kamar wutsiya, ba su zama ƴaƴa. Na mace guntaye ne masu kauri, da ƙulli-ƙulli a jiki, su ne ke zama ƴaƴa.

Wanda ya shuka guda ɗaya caca ya yi: yana iya jiran shekara 20 ta fito namiji. Wanda ya tsayar da 5 ko 6, da wuya ya rasa mace a ciki. In fili bai isa ba, maƙwabta su haɗa kai, kowa ya tsayar da biyu. Ƙwari ne ke kai garin fure daga namiji zuwa mace, ba su san shinge ba. Namiji guda yana isar mata da yawa.

Namiji ma ba asara ba ne. Magina sun fi son azararsa, sun ce ta fi ƙwari.

FANGALIN MURUCI: RIBAR DA BA TA JIRAN SHEKARU

Mai son ya ga amfani tun bana, ya yi fangalin muruci a gefen garka. A kafce ƙasa mai yashi da zurfi, a ɗaga ta kamar kunya mai faɗi, a jera ƙwallaye kusa da kusa, a rufe da ƙasa kaurin tafin hannu, a sa ƙaya. Bayan wata 6 zuwa 8 a tone, lokacin da kan ganyen ya fara leƙowa. In aka bari ganyen ya buɗe, murucin ya zama zare, don itacen ya cinye abincinsa. A dafa, a ci, a sayar. A wajen Gaya wannan sana'a tana riƙe da gidaje da yawa, mata da yara ne kan gaba a cikinta, murucinsu yana zuwa har Yamai da kasuwannin Najeriya.

Amma ga sharaɗi: duk ƙwallo 10 da za ka sa a fangali, ka ware guda ka shuka shi inda ba za a tone ba. Kamar yadda ba a cinye irin gero, haka ba a cinye irin giginya.

MU YI LISSAFI

Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ga lissafi. A ce giginya mace ta ba da ƴaƴa 50 a shekara, kowane ɗa da ƙwallo 3.

50 sau 3 = ƙwallo 150.

A ware 15 na shuka, saura 135. A ce 35 ba su fito ba, saura muruci 100. Ku tambayi kuɗin muruci guda a kasuwarku, ku ninka sau 100. Sannan ku ninka da yawan matan giginyar da kuke fata. Wannan kuɗi kowace shekara yake zuwa, ba noma, ba taki, har ƴaƴa da jikoki.

Ban da wannan, ga naman ƴaƴan da ake sha, ga ganye na tabarma da mafici da malafa da rufin rumfa, ga hannun ganye na shinge da kujera da makamashi. A ƙarshen rayuwarta ga azara, wadda gara ba ta cika damunta ba. A sani, ƙwarin giginya a bayan jikinta yake, daga gindi zuwa kumburi. Cikinta da abin da ke sama da kumburin taushi ne da su. Wanda ya sare matashiya ya yi asara biyu: bai sami azarar kirki ba, ya kuma kashe uwar ƴaƴa.

ABIN DA DOKA TA CE

Tun dokar daji ta 1974 giginya tana cikin itatuwan da hukuma ta kare, tare da goruba da gawo da tsamiya da kaɗanya da wasu. A shekarar 2004 aka yi sabuwar dokar daji. Shuka giginya a garkarka ba ya neman izinin kowa. Sara shi ne mai magana: kafin ka sa gatari, ko da a naka, je ka ga ma'aikatan gandun daji na yankinku.

Nan ma karatu zai yi maka rana. Sami littafi ka rubuta ranar da ka shuka, da wurin, da yawan gurabe, da inda ka samo iri, da ranar da ganyen fari ya fito. Ka sanar da mai gari da ma'aikacin gandun daji. Wannan takarda ita ce shaidar ƴaƴanka ranar da ba ka nan. In filin aro ne ko jingina, kada ka shuka sai kun yi magana da mai shi a gaban shaidu, don shuka itace a filin wani yana kawo rigima.

"AI BA ZAN CI BA"

Wani zai ce: shekarata 50, me zan yi da itacen da ba ya haihuwa sai bayan shekara 20? Amsa ita ce: azarar da ke bisa kanka yau, ba kai ka reni itacenta ba. Mai shekara 30 da ya shuka bana, in Allah ya ba shi rai, zai sha ƴaƴanta yana da 50. Mai 50 kuwa ya bar gadon da ɓarawo ba ya ɗauka, fari guda kuma ba ya kashewa.

A taron Maraɗi na 1984 ƙasar nan ta ɗauki alkawarin yaƙi da hamada. Tun daga lokacin manoman Maraɗi da Damagaram suka nuna wa duniya, ta hanyar sassaben zamani, cewa gona tana iya komawa da itatuwanta. Gawo da kalgo da sabara sun dawo don kututturensu yana nan a ƙasa. Giginya ba ta da kututturen da zai tsiro. Inda uwayen suka ƙare, sai an kai ƙwallo da hannu.

Ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itatuwa, ƙasa tana jiƙe, ba a makara ba. Wanda ya sami iri tun farkon damana kuwa kada ya jira ta.

ABIN TUNAWA

- Wuri mai ruwa kusa, nesa da ɗaki mita 10.
- Ɗan da ya faɗo da kansa, ƙwallon da bai bushe ba.
- Rami mai zurfi, ƙwallo a sama-sama.
- Shuka a gurbinta, ba dashe ba.
- Kada a tone don ba a ga ganye ba.
- Shinge har ta fi ƙarfin dabba.
- A tsayar da 5 ko 6, don a sami mace.
- Cikin ƙwallo 10, guda na gobe ne.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali ko wurin sauraron rediyo. Ku tambayi tsofaffin garinku inda giginya take a da, domin sau da yawa nan ne za ta fi saurin kamawa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya abin da muka shuka.